Kalmar encroach: ƙugiyar da ke jan abin maƙwabci a hankali

Wani matashi da bai daɗe da fara fassara labarai a gidan rediyo ba ne ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, a cikin mako guda na ci karo da kalmar encroachment sau uku. Ɗaya a labarin rikicin fili, ɗaya a labarin hamada, ɗaya a sharhin ƙwallo. Duka na fassara su da mamaya, edita ya soke biyu. Mece ce ainihin ma'anar kalmar, daga ina ta fito, kuma yaya ake amfani da ita?"

Ɗana, editanka mai sassauci ne. Da a gabana aka ajiye takardun nan, da ukun duka na soke. Mamaya aba ce mai ƙarfi da gaggawa, irin ta mayaƙa ko ta fari idan sun sauka a gona: ka kwanta da abinka, ka tashi ya zama na wasu. Ita kuwa encroach ba ta da hayaniya ko kaɗan, kuma rashin hayaniyar nan shi ne ruhinta.

Bari in kai ka gona, don a can na fara ganin abin tun kafin in san yana da suna a Turanci. A ƙauyenmu iyakar gona ba katanga ba ce. Tushen gamba ne a nan, jerin aguwa a can, sai wata bishiya da kowa ya san ta. Akwai wani maƙwabcin kawuna wanda duk damina idan yana huɗa ya zo kunyar ƙarshe, sai ya ɗan karkata garmarsa ya ɗebo ƙasa daga ɓangarenmu. Bana taƙi ɗaya. Wa zai tafi gaban mai gari a kan taƙi ɗaya? Kunya ma ba za ta bar ka ka yi magana a kan kunya ba. Baɗi ya ƙara taƙi. Wata shekarar aka wayi gari tushen gamban ya bushe, wani sabo ya tsiro ɗan gaba kaɗan. Lokacin da aka zo rabon gado aka kawo igiya, sai ga kunya huɗu cur sun koma wancan ɓangaren, kuma babu ranar da wani zai nuna ya ce yau ce aka yi satar. Wannan aikin da Bahaushe ke kira cin iyaka, shi ne Bature ke kira encroachment. Dole a sami iyaka, dole abin da ke bayan iyakar ya kasance hakkin wani, kuma dole shigar ta zama kaɗan-kaɗan har ta zauna daram kamar dama can haka take. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ka nemi wata kalmar.

Asalinta kuwa yana da daɗin bi. Turanci ya aro ta ne daga tsohon Faransanci, inda take encrochier, ma'ana kama abu da ƙugiya. Gaɓar farko, en, tana nufin ciki, croc kuma ƙugiya. Mafi yawan masu bin diddigin kalmomi suna danganta croc ɗin da krókr ta tsohon harshen mutanen arewacin Turai, wato mayaƙan ruwan nan da ake kira Viking, waɗanda suka addabi gaɓar Faransa har sarki ya yanka wa shugabansu Rollo ƙasa a shekarar 911. Ƙasar ita ce Normandi. Jikokinsu suka bar harshensu suka kama Faransanci, kuma a 1066 sarkinsu Wiliyam ya ƙetara ruwa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na kotu a Ingila. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Shi ya sa kalmomin shari'a na Turanci da yawa jinin Faransa ne a jikinsu, kuma encroach tana cikinsu. Ta bayyana a rubuce-rubucen Turanci a ƙarshen ƙarni na 14 da ma'anar kamewa ko ƙwace, sannan a ƙarni na 16 ta ɗauki ma'anar da muka sani yau, ta shiga hakkin wani sannu a hankali.

Ka riƙe hoton ƙugiyar nan, domin shi zai raba maka gardama a wurare da yawa. Ka tuna yaro da ya ɗaura ƙugiya a bakin gora yana jawo reshen mangwaron maƙwabci ta saman katanga. Ƙafarsa tana cikin gidansu. Bai haura ba, bai fasa ƙofa ba, idan aka kama shi ma zai rantse bai shiga gidan kowa ba, amma mangwaron yana zuwa wurinsa. Mai encroaching haka yake: galibi yana da nasa wurin na halal a gefen naka, daga nan yake miƙo hannu. Shi ya sa a shari'ar filaye kalmar ta fi faɗawa kan maƙwabci, wanda katangarsa ta ci ƙafa biyu cikin filinka, ko indararonsa ke zuba a tsakar gidanka, ko mai shagon da ya fara da rumfar buhu a bakin titi, ya mayar da ita ta kwano, ya zuba dakali, a ƙarshe ya ɗora bulo.

Tana da dangi da ka sani ba tare da ka san danginta ba ne. Crook, sandar makiyayi mai lanƙwasasshen kai, wadda daga baya ta zama sunan mazambaci saboda shi ma karkatacce ne, daga wancan krókr ɗin ta fito. Crochet a Faransanci ƙaramar ƙugiya ce, kuma ita ce ta iso mana ta zama kwarashi, wanda iyayenmu mata ke saƙa hular jarirai da shi. Ashe ke nan ɗan'uwan encroach ya daɗe a ɗakunan gidajenmu. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san accrocher, rataye abu, da décrocher, sauke shi ko ɗaukar waya. Abin dariya shi ne, Faransawan da suka ba Ingilishi kalmar ba da ita suke faɗin wannan ma'anar ba a yau. Su empiéter suke cewa, daga pied, wato ƙafa. Bafaranshe yana ganin mai cin iyaka yana sa ƙafa, Ba'ingile yana ganinsa yana jefa ƙugiya, Bahaushe kuma yana ganinsa yana ci. A ganina namu ya fi kama gaskiyar lamarin, domin abin da aka ci ba ya dawowa cikin sauƙi.

Akwai kuma wata tagwayenta da ta kusa mutuwa, accroach, wadda a Ingila ta ƙarni na 14 ake tuhumar manyan fadawa da ita idan sun jawo ikon sarki zuwa hannunsu. Da irin wannan tuhuma aka kori Despenser uba da ɗa daga ƙasar a 1321, kuma tana cikin laifukan da aka rataye Roger Mortimer a kansu a 1330. Ka ga tun a wancan lokacin ƙugiyar ba fili kawai take ja ba, har da iko. Wannan ma'ana tana nan da ranta. A 1788, a taron jihar Bajiniya kan amincewa da tsarin mulkin Amurka, James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya faɗi maganar da har yau ake maimaitawa, cewa a ganinsa 'yancin jama'a ya fi salwanta ta hanyar cin iyakar da masu mulki ke yi a hankali cikin shiru, fiye da ta hanyar ƙwace na ƙarfi farat ɗaya. Kalmar da ya yi amfani da ita a wurin encroachments ce, kuma ya ajiye ta ne daura da ƙwacen gaggawa don a ga bambancinsu. Idan ka ji lauya a Abuja yana cewa ɓangaren zartarwa yana encroaching a kan ikon majalisa ko na kotu, a wannan layin yake. Hausarsa ita ce shiga hurumin majalisa, ko yi wa kotu katsalandan, gwargwadon yadda maganar ta zo.

Yanzu ga yadda ake sa ta a jimla, kuma nan ne Turancinmu na Najeriya ya fi tuntuɓe. Wannan aikatau ba ya ɗaukar karɓau kai tsaye, sai da ɗan tsani a tsakani, on ko upon. Abin da za ka ji a ofishin filaye, "He encroached my land", kuskure ne a daidaitaccen Turanci. Daidai shi ne "He encroached on my land". Upon ta fi nauyi, ta takardun lauyoyi ce da jawaban manya. Za ka ga encroach into a jaridu, musamman idan ana maganar daji ko gandu, kuma ba wanda zai kasa fahimta, amma a jarrabawa ko a takardar kotu ka tsaya kan on. Sunan aikin encroachment, mai aikatawa encroacher, siffa kuma encroaching. Wajen furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu, kuma ƙarshenta yana tafiya da na coach da approach. Na sha samun ɗalibai da ke zaton tana da alaƙa da cockroach, wai tunda kyankyaso ma shigowa yake ba a gayyace shi ba. Dabarar tunawa ce mai kyau, amma ba dangi ba ne: sunan kyankyaso daga cucaracha ta Sifaniyanci aka lanƙwaso shi.

Ba kullum take da zafi ba. Bature mai ladabi zai ce "I don't want to encroach on your time", wato kada in cinye maka lokaci. Ko a nan ka lura, ci ne dai ya dawo.

Kalmomin da ke maƙwabtaka da ita, waɗanda na ga alama su ne suka rikita ka, ba su da wuyar rabewa. Invade ita ce mamayarka, daga Latin mai ma'anar tafiya ciki, da ƙarfi da yawa. Intrude kutse ne, tura kai inda ba a neme ka ba, ko da na minti biyar ne. Trespass taka wurin wani ne ba izini. Wanda ya ratsa gonarka ya wuce ya yi trespass, amma bai yi encroaching ba, tunda bai tafi da ko taƙi ba. Infringe ta karya doka ce ko tauye hakki, kamar hakkin mallakar waƙa ko littafi. Ga tsirrai da dabbobi masu yaɗuwa su danne na wurin kuwa, siffar da masana ke amfani da ita invasive ce. Ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke hawa da sauka, ana kiranta invasive, sannan a jimla ta gaba a ce tana encroaching a kan gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi. Duka biyun daidai ne: ɗaya halinta take faɗa, ɗaya tafiyarta.

To mu koma kan labaranka uku. Na fili shi ne mafi sauƙi, cin iyaka ne, ko shiga filin wani. Idan fili na gwamnati ne ko na jama'a, kamar makaranta, maƙabarta, ko badalar Kano da gine-gine suka daɗe suna gutsura, ka ce ana cin filin, ko gine-gine suna cinye shi. Mai sauraronka Musulmi ya riga ya san nauyin abin daga hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Ka lura da ma'aunin da aka ambata, taƙi, daidai abin da maƙwabcin kawuna ke ɗauka a shekara.

Sai dai ka yi hattara a nan, domin kalmar zargi ce, ba bayani ba. Duk wanda ya ce an yi encroaching ya riga ya yanke hukuncin inda iyaka take da kuma mai ita. A rikicin manoma da makiyaya za ka ji ta daga baki biyu. Makiyayi zai ce gonaki sun cinye burtali da mashaya da gandun kiwon da aka keɓe tun dokar 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa, kuma wannan encroachment ne na gaske, kunya bayan kunya. Manomi zai ce shanu sun shiga gonarsa, ɗan jarida ya rubuta masa encroached, alhali abin da ya faru a dare ɗaya ɓarna ce, trespass ke nan. Idan ka fassara su da kalma ɗaya ka haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Kuma muddin kotu ba ta yanke ba, ka jingina maganar ga mai ita: wane ya zargi wane da cin iyaka.

Na ƙwallo kuwa, dokar wasa ce ta 14, ta bugun fenareti. Kowa ban da mai bugu da mai tsaron gida dole ya tsaya a wajen yadi na 18, a bayan ɗigon bugun, da nisan mita 9.15 daga gare shi. Wannan ɗan bakan da ka ke gani a bakin yadin, wanda aka ƙara a 1937, don auna wannan nisan kawai aka zana shi. Ɗan wasan da ya saci ƙafa ya shiga kafin a taɓa ƙwallo ya yi encroachment, kuma yana iya jawo a sake bugun ko a soke cin. Ba ka buƙatar suna guda a nan. Ka ce ya riga shiga yadi na 18 kafin a buga, kowane ɗan kallo zai gane. Idan ka ce ya mamaye, sai a zaci 'yan kallo ne suka ɓalle suka cika fili.

Na hamada ne ya fi buƙatar a zauna a kansa, kuma ina zaton shi ne editanka ya bari. Lafazin desert encroachment yana da tarihi a ƙasarmu. Wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, wanda ya yi aiki a Indiya kafin ya zama farfesa a Edinbara, ya zagaya Afirka ta Yamma, ya ga ƙasar a bushe, ya koma ya buga maƙala a 1935 mai taken The Encroaching Sahara, yana gargaɗin cewa Sahara tana tahowa kudu za ta cinye ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana gandun daji, wanda ya bi iyakar arewacin Najeriya da Nijar a 1936 da 1937. Kwamitin bai sami hamadar da ke tafiya kamar runduna ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wurare daban-daban, sakamakon sare itace da yadda ake noma da kiwo. Daga baya hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 suka nuna cewa bakin Sahara gaba da baya yake yi tare da ruwan sama: ya yi kudu sosai lokacin farin da aka yi a 1984, ya ja da baya da damina ta gyaru a shekarun da suka biyo.

Duk da haka lafazin ya zauna, domin hoto ne mai kama zuciya, kuma a kan wannan hoton aka fara tunanin katangar bishiyoyi ta Great Green Wall da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007. Ba ina cewa ƙarya ba ne gaba ɗaya. Wanda ya je Yusufari a Yobe, ko yankin Gure da Maine-Soroa a Nijar, ya ga tudun rairayi ya binne dabino har wuya yana dosar gidaje, ba zai yi musu ba cewa a can yashi tafiya yake yi da gaske. Amma gonar da ta mutu a kusa da Katsina ko Maraɗi ba Sahara ce ta taho ta same ta ba. A wurin ta gaji, aka sare itacenta, iska ta kwashe samanta. Shaida ita ce, da manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tsiron da ke fitowa daga kututture suna renonsa a cikin gona, tun daga shekarun 1980, bishiyoyi sun dawo ba tare da an kori wata hamada ba. Encroach tana sa mutum ya ɗaga kai yana duban arewa yana jiran abokin gaba, alhali sau da yawa gatarin yana rataye a kafaɗarsa.

A Hausa muna da lafazi biyu da suka riga suka zauna, kwararowar hamada da gurgusowar hamada. Na farkon ya fi yawo a rediyo, amma kwarara ta ruwa ce, tana da gudu. Gurgusowa ita ce ta yi daidai da encroach kamar an auna: ka tuna baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma a bakin zaure, yana gurgusowa kaɗan-kaɗan yana hira, kafin ka ankara yana gefen akushi. Saboda haka ka duba abin da labarin ke faɗa a zahiri. Idan tudun yashi ne ke binne gari, rubuta gurgusowar hamada. Idan rahoto ne kan ƙasa da ke mutuwa saboda sare itace da zaizaya, ko da Baturen ya rubuta desert encroachment, ka ce ƙasa tana komawa hamada, ko lalacewar ƙasar noma. Idan kuma jami'i ne ya faɗa da bakinsa kana kawo maganarsa, ba shi kwararowar hamadarsa yadda masu sauraro suka saba ji, ka bar gyaran ga sharhin da zai biyo baya.